Kalmar da Muka Furta a Kan Bagade

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8, Markus 7:20-23



Ranar Lahadi 5 ga Yuni 2022, ranar Fentikos, 'yan bindiga suka shiga majami'ar Katolika ta St. Francis da ke Owo a Jihar Ondo, suka kashe masu sujada aƙalla 40. Lahadin da ta biyo baya muka hau bagade da zafin zuciya, muka ce mahaukaci ne kaɗai zai iya wannan aiki. Ikilisiya ta amsa da amin. Muka sauka muna ganin mun faɗi gaskiya.

A kujerar baya akwai wani saurayi, makaɗin ganga a ƙungiyar mawaƙa, wanda bai daɗe da dawowa daga asibitin ƙwaƙwalwa ba. Yana shan maganinsa, yana zuwa sujada, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. A wannan makon aka ƙara tsaro a ƙofa, kuma shi aka fi tsayarwa ana lalube. Wasu iyaye suka janye yaransu daga kusa da shi. Bayan mako uku, ganga ta yi shiru.

Mahaifiyarsa ce ta zo ofis. Ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta ce, "Baba Fasto, ɗana ya taɓa kashe wani?" Muka ce a'a, Mama. Ta ce, "To, ya daina shan magani. Ya ce in an gan shi da ƙwayar, shi ke nan an tabbatar." Ranar ba mu da amsa. Duk shekarun da muka yi a makarantar tauhidi ba su hana mu jefa dutse a kasuwa ba, kuma ga wanda ya faɗa wa.

Wannan kuskure ba namu kaɗai ba ne. A Amurka, inda harbe-harben jama'a ya yawaita, duk lokacin da aka yi kisa sai a ce mai harbin yana da taɓin hankali. Amma ku duba abin da ya faru a Charleston ranar 17 ga Yuni 2015. Wani saurayi, Dylann Roof, ya shiga majami'ar Emanuel ta baƙaƙen fata, ya zauna tare da su wajen nazarin Littafi Mai Tsarki kusan awa guda, sannan ya harbe mutum 9, har da fastonsu Clementa Pinckney. Kotu ta sa an duba shi, ta ce hankalinsa ya isa a yi masa shari'a. Shi da bakinsa ya faɗi dalilinsa: ƙin baƙar fata. Ya zaɓi wuri, ya zaɓi lokaci, ya tanadi makami.

Masu bincike a can sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na cin zarafin da ake yi wa wasu za a iya danganta shi da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa cutar da kowa. Su ne ma aka fi duka, aka fi zalunta. Sannan fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, kansu suka kashe. Wato in akwai ran da ke cikin haɗari, na majinyacin ne. Idan muka kore shi daga zumunta, haɗarin muka ƙara masa.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa ruɗe mu a kan wannan ba. Kishi ne ya sa Kayinu ya kashe Habila. Dauda yana cikin hankalinsa sarai ya rubuta wasiƙar da ta hallaka Uriya, ya kuma ba shi ita ya kai da hannunsa. A Markus 7, Yesu ya lissafa kisankai cikin abubuwan da ke fitowa daga zuciyar mutum. Shi ya sa kalmar "mahaukaci" take mana daɗi: tana ɗauke zunubi daga zuciya irin tamu, ta ɗora wa marar lafiya.

Ku kuma duba Iliya. Annabin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya ba shi Elisha ya zama abokin hidima.

Mun je gidan saurayin nan mun roƙe shi gafara, sannan muka maimaita a gaban ikilisiya, a inda muka yi ɓarnar. Ya koma wurin likita. Sai da aka yi wata biyar kafin ya sake taɓa ganga, kuma har yau ba ya tsayawa gaisuwa bayan sujada.

Matasa, ga roƙonmu. Ku kira mai kisa da sunan aikinsa. Ku daina tsokanar marar lafiya a titi, ku daina ɗaukarsa bidiyo kuna turawa a WhatsApp. Idan ɗan'uwa ya daina barci, ya daina cin abinci, ko yana maganar mutuwa, ku yi addu'a tare da shi, ku kuma raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Kada a ɗaure kowa da mari da sunan addu'a.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana kalmomin da muka raunana 'ya'yanka da su. Ka ta'azantar da waɗanda bindiga ta raba da nasu, ka warkar da masu ciwo a ɓoye, ka tsare bakinmu. Cikin sunan Yesu, amin.