Firjin da Bam Bai Ƙona Ba

A fim na huɗu cikin jerin Indiana Jones, wanda ya fito a 2008, jarumin ya tsinci kansa a wani ƙauyen bogi cikin hamadar Nevada, irin wanda Amurka ta riƙa ginawa a da don gwajin makamin nukiliya. Saura daƙiƙoƙi bam ya tashi. Sai ya buɗe firji, ya watsar da abin da ke ciki, ya shige ya ja ƙofa. Gidaje suka zama toka, firjin ya yi sama ya faɗo can nesa yana mirginawa, mutumin ya fito da ƙafarsa. Hujjar da fim ɗin ya bayar ita ce an lulluɓe cikin firjin da dalma. Abin ya ba masu kallo dariya da haushi, har firjin ya zama karin magana a Turanci, ana buga misali da shi ga duk jerin finafinan da ya wuce gona da iri.

Sai dai masu wannan suka kan manta cewa jerin bai taɓa zama aminin hankali ba. A fim na biyu, na 1984, mutum uku sun faɗo daga jirgin sama cikin kwale-kwalen roba, suka dira kan ƙanƙara, suka gangara cikin kogi, babu wanda ya karye. A na farko, na 1981, fuskokin 'yan Nazi sun narke don sun buɗe akwatin da bai kamata su buɗe ba. Mai kallon da ya girma da finafinan Indiya ya san tun yana yaro cewa akta ba ya mutuwa, kuma sanin hakan bai taɓa hana shi miƙewa tsaye ba idan an zo dambe da bos. Ashe ba ƙaryar ce ke kashe fim ba, ba kuma maimaita tsari ba. Abin da ya ɓace a finafinan baya-bayan nan shi ne wahalar da jiki ke sha.

A Raiders of the Lost Ark, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni, jarumin yana shan kashi. An harbe shi a hannu, an jefo shi ta gilashin babbar mota, ya bi ta ƙarƙashinta tana gudu, aka ja shi a ƙasa. Wannan aikin mutum ne mai jini a jika ya yi shi, wani gwanin wasan kasada mai suna Terry Leonard, da mota ta gaske a kan hanya ta gaske. Daga baya fim ɗin ya tsaya ya nuna sakamakon: jarumin kwance a jirgin ruwa, Marion na neman inda za ta taɓa a jikinsa ba tare da ya yi ƙara ba. Wannan ɗan hutun ne ya ba duk gudun da ya gabata nauyi. Har wurin da aka fi tunawa a fim ɗin, inda wani gwanin takobi ya gama juya makaminsa jarumin ya zaro bindiga ya harbe shi, gajiya ce ta haife shi, domin Harrison Ford na fama da ciwon ciki a Tunisiya, ba ya iya doguwar fafatawar da aka tsara.

Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta ciwon ciki. Da zarar ya zama ana iya zana kowane haɗari a kan allo, babu sauran abin da zai tilasta wa marubuci ya nemi dabara. Shi ya sa a fim ɗin 2008 mota ta gangaro daga magangarar ruwa uku a jere, mutanen ciki suka fito ba ko ƙwarzane, wani saurayi kuma ya yi lilo cikin kurmi tare da ayarin birai.

Akwai kuma lissafin kasuwa. Kowane sabon fim dole ya zarce na baya a girman haɗari, tunda labarin kansa ya ƙare tun tuni. Jerin Fast & Furious ya fara a 2001 da 'yan tseren titi masu sace kayan lantarki daga manyan motoci, zuwa 2021 an harba mota sararin samaniya, an kuma dawo da mutumin da aka riga aka nuna mutuwarsa. A wannan fim ɗin ma ɗaya daga cikin jaruman ya tsaya yana mamakin yadda babu abin da ke samunsu. Marubutan sun ga ɓarakar, suka mayar da ita barkwanci maimakon su ɗinke ta. Kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli ba ya son gwaji, yana son abin da ya taɓa sayuwa, kuma fashewa da tsere ba sa buƙatar fassara a Sin ko Brazil. Disney ta sayi Lucasfilm a 2012 kan kusan dala biliyan 4, kuma wanda ya sayi saniya da wannan tsada dole ya tatse ta.

Dial of Destiny, na 2023, shi ne ya fi ban takaici, domin yana riƙe da labari mai kyau a hannu. Ford yana da shekara 80 lokacin da fim ɗin ya fito. A labarin, shekarar 1969 ce, malamin jami'ar ya yi ritaya, ɗansa ya mutu a yaƙi, aurensa ya watse, duniya ta koma kallon waɗanda suka je wata. Tsohon da jikinsa ya daina yi masa biyayya, ga kuma aikin da ya fi ƙarfinsa, wannan kaɗai ya isa fim. James Mangold, wanda ya karɓi aikin daga Spielberg, ya san haka, don shi ne ya yi Logan a 2017, fim ɗin da ya bar jaruminsa ya tsufa, ya gaji, ya mutu.

Amma tsari ya rinjaye shi. Fim ɗin ya buɗe da fiye da minti ashirin na Ford da aka mayar matashi da kwamfuta, yana dambe a saman jirgin ƙasa a 1944, fuskar ta ɗan shekara arba'in, muryar ta dattijo. Daga nan tsohon ya hau doki ya kutsa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta New York, ya yi tsere da adaidaita-sahu a lungunan Tanja, ya nutse cikin teku, a ƙarshe jirgin sama ya ratsa zamani ya kai shi gaban Archimedes a Sisili, sama da shekara dubu biyu baya. 'Yan Nazi sun dawo, kayan tarihi mai sihiri ya dawo, yaro ɗan rakiya ya dawo. Tsufan da aka gina labarin a kansa sai ya koma ɗan ƙorafin ciwon jiki yayin hawan dutse. An kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen shirya shi, abin da ya tara a duniya bai kai miliyan 400 ba, alhali na 2008, duk da firjinsa, ya tara kusan ninki biyu na haka.

Wurin da ya fi taɓa zuciya a fim ɗin shi ne na ƙarshe, kuma babu gudu a cikinsa. Marion ta dawo, su biyu tsaye a kicin, tsofaffi, wannan karon shi ke tambayar inda ba ya mata ciwo. Shi ma aro ne daga jirgin ruwan 1981.