Daddara: Garin da Sama ke Kusa

Uwargida, idan kika baro Katsina kika miƙi hanyar Jibiya, za ki ratsa Daddara kafin ki kai Magama, inda ake tsallakawa Nijar a nufi Ɗan Isa da Maraɗi. Gari ne na manoma gero da dawa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai rairayi. Matafiyi yakan wuce shi da rana bai waiwaya ba, alhali adon wannan yanki sai rana ta faɗi yake fitowa. Babu dogayen benaye, babu hasken fitilun birni mai dushe taurari, sama a buɗe take tun daga gabas har yamma.

A manyan biranen duniya akwai ƙungiyoyin masu sha'awar taurari, waɗanda kan kafa na'urar hangen nesa a fili su gayyaci jama'a kallo. Mu ma muna da irin namu taron tun kaka da kakanni, wato duban wata. Ran 29 ga Sha'aban ko Ramadan, da an sallame Magariba, sai maza su fita bayan gari, mata da yara kuma su tsaya a tsakar gida, kowa ya zuba wa yamma ido. Wanda ya ga jinjirin wata zai shaida wa mai gari, labari ya bi ta hannun hakimi da sarki har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Da yake Nijar tana da nata tsarin, wata shekarar sai ki ga dangi a Jibiya da Maraɗi sun yi Salla a ranaku daban.

Duban nan akwai ilmi a cikinsa. Wata yana zagayowa a kwana 29 da rabi, shi ya sa wani ke yin 29, wani 30, shekarar Hijira kuma ta kama kwana 354 ko 355. Jinjirin da bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba, ido ba ya iya ganinsa.

Mutanen yankin nan sun ga abin da ya fi haka. Ran Laraba 29 ga Maris, 2006, da hantsi, wata ya rufe rana ruf. Inuwar ta biyo ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, ga Daddara da Jibiya a tsakiya. Gari ya yi duhu fiye da minti uku. Ba fushi ba ne, ba kuma mutuwar wani babba ba, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya bayyana ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Aya ce, salla da addu'a ake yi. Ran 2 ga Agusta, 2027, in Allah Ya kai mu, za a yi cikakken husufi a Makka da Jidda, mu kuma a ga wani sashe. Ki hana yara kallon ranar kai tsaye, ko da baƙin tabarau, ko a kwanon ruwa, domin tana ƙona ido. Su dubi inuwar bedi a ƙasa, za su ga siffar ranar kamar ƙananan lauje.

Abin takaici, hare-haren 'yan bindiga da suka addabi ƙaramar hukumar Jibiya a shekarun baya sun sa mutane ɗari-ɗari da dare. Tashe da tatsuniya sun ja baya, waya ta ɗauke idon yara. Yaro ya san sunan 'yan ƙwallon Ingila, bai san Gamzaki ba.

To, tsakar gida dai tana hannunki. Da hunturu, bayan Isha'i, ki shimfiɗa tabarma, ki nuna musu Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Ki gaya musu Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, wato Zuhura, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, wani lokaci ta fito da almuru, wani lokaci da asuba. Wannan makaranta ba ta karɓar ko sisi.

Allah Ya dawo wa Daddara da maƙwabtanta da dare mai lafiya, amin.