Wasiƙar da ba ta da hatimi

A da, idan manzo ya iso fada da wasiƙa, sai an duba hatimin da ke kanta kafin a saurari abin da ta ƙunsa. Wasiƙun sarakunan Daular Sakkwato da ke gidajen adana tarihi shaida ne. Shi ya sa duk ɗalibin da ya nuna mini saƙon imel mai albishir da tallafin karatu ko gurbin aiki, nakan fara tambayarsa hatimin.

Tsarin aika imel da aka shimfiɗa a 1982 bai tanadi hanyar tantance mai aikawa ba. Kowa na iya sa sunan banki ko jami'a a gurbin mai aikawa, kamar yadda ake rubuta kowane suna a bayan ambulan. Don toshe wannan kafa aka haɗe fasahar Yahoo da ta Cisco, aka samar da DKIM, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa a 2007.

Mabuɗi biyu ake ƙerawa da lissafi. Na farko sirri ne, yana hannun ma'aikatar, da shi na'urarta ke buga wa kowane saƙo hatimi. Na biyu a fili yake, ana ajiye shi a rajistar sunan ma'aikatar na intanet. Saƙo na isowa, na'urar mai karɓa ta ɗauko na biyun ta gwada. Idan an taɓa rubutun a hanya, ko hatimin na jabu ne, lissafin ba zai yi daidai ba. Tun Fabrairun 2024, Google ya wajabta wannan ga masu aika wa Gmail saƙo 5,000 a rana.

Sai dai hatimi gidan da wasiƙa ta fito kawai yake tabbatarwa, ba ya auna gaskiyar mai gidan. Ɗan damfara na iya rajistar suna mai kama da na banki, ya sauya harafi guda, ya buga nasa hatimin. Don haka, mai karatu, latsa ƙasan sunan mai aikawa a Gmail, ka karanta sunan da ya sa hannu harafi bayan harafi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makarantu da ofisoshinmu da har yau ke aika takardun hukuma daga adireshin kyauta. Sun saba wa jama'a da yarda da wasiƙar da ba ta ɗauke da hatiminsu, kuma wannan sabon ne jarin 'yan damfara. Duk ma'aikatar da ke neman kuɗi ko bayanan mutane, ta mallaki sunanta, ta buga hatiminta.