Haya Biyu Na Biya a Bakin Kwalta

A Kano, da zarar dillali ya ce maka "ga kwalta har ƙofa", to kuɗin haya ya hau. Haka na biya ina murna da na samu gida a bakin Titin Zariya, dab da danja, na rabu da taɓon lungu.

Uwargida ce ta fara lura. Farin labulen falo ya koma ruwan toka tun bai ga wata biyu ba. In ka shafi fiffiken fanka, yatsanka zai fito da wani baƙi mai maiƙo, ba jar ƙurar da muka saba da ita ba. Sai autanmu ya kama tari cikin dare, ƙirjinsa na fito. Muka ce sanyin hunturu ne, muka bi shi da zuma da citta. Da abin ya ƙi, likita ta tambaye ni: "Malam, tagar ɗakin da yake kwana ina take kallo?" Danjar take kallo, inda tireloli da adaidaita sahu ke cirko-cirko, injuna a kunne, salansa na aman hayaƙi.

A nan na san cewa rufe ƙofa ba ya raba ka da titi. A cikin hayaƙin akwai ɓurɓushin da masana ke kira PM2.5, wanda ya fi silin gashi siranta kusan sau 30. Ragar sauro ba ta san da shi ba. Ta ƙasan ƙofa yake shiga, ya wuce can cikin huhu. Daren hunturu kuwa iska ba ta motsi, hayaƙin sai ya kwanta a ƙasa, mu kuma a ciki mu ƙara masa da janareta da gawayi da igiyar sauro. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansa.

Labarin Ella Adoo-Kissi-Debrah ya hana ni barci. 'Yar shekara 9 ce mai asma, gidansu kusa da babban titin South Circular a Landan, ta rasu a 2013. A 2020 binciken kotu ya tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska na cikin sanadin ajalinta. A Landan fa, inda ake awon hayaƙin mota.

Ba ni da halin tashi nan take. Yara suka koma ɗakin baya, na bar tagar gaba a rufe safe da magariba, janareta ya bar bakin taga. Tarin ya yi sauƙi, kuɗin magani bai tsaya ba sai da muka koma cikin lungu da haya ta ƙare.

Kai mai neman gida, kafin ka miƙa kuɗi, je ka tsaya a ƙofarsa da magariba, ka shafi ƙarfen taga ka duba yatsanka.