Gadar Niyagara da Kuɗin Caca

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in ba 'yan'uwa labarin wani wuri da na ziyarta a kan iyakar Kanada da Amurka, da wata al'ada ta haraji da na tarar can, wadda na tabbata za ta ba malamai da akawuna mamaki.

Sunan wurin Niyagara. Daga birnin Toronto tafiyar kamar mil 80 ce a mota. Kogi ne ya fito daga tafkin Iri zai faɗa tafkin Ontariyo, a tsakani kuwa sai ya iske wani gaɓa mai zurfin fiye da ƙafa 160, ruwan ya zuba ƙasa. Tun daga nesa mutum ke jin rugugi, in ya matso kuwa feshi ya jiƙa masa riga sai ka ce yayyafi. Kogin nan shi ne iyaka. Gari biyu ne ke fuskantar juna, ɗaya a lardin Ontariyo na Kanada, ɗaya a jihar Niyok ta Amurka, sunansu kuwa ɗaya. Abin da ya gama su wata gada ce da aka buɗe a 1941, ana ce da ita Gadar Bakan Gizo. Ana haye ta a mota, ana haye ta a ƙasa, amma kowane bakinta da ofishin kwastan.

To, ba kallon ruwa kaɗai ke kawo mutane ba. A ɓangaren Kanada an buɗe gidan caca a 1996, aka ƙara wani babba a 2004. A ɓangaren Amurka kuwa akwai wanda aka buɗe a 2002, na kabilar Seneka ne, watau mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. In dare ya yi, mutum na tsaye bisa gada yana hangen fitilunsu hagu da dama. Kada wani ya zaci ina yabon caca ne. Hukuncinta a wurinmu sananne ne, ba sai na faɗa wa malamai ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda gwamnatoci biyu maƙwabta suka saɓa a kan kuɗi ɗaya, da yadda rashin sani ke sa matafiyi hasara.

A Kanada, wanda ya ci caca ba ya biyan harajin abin da ya ci, kome yawansa. Hujjarsu ita ce wannan ba sana'a ba ce, tsintuwa ce, kuma tun da ba a rage wa mutum haraji in an cinye shi, ba a karɓa in ya ci. Sai fa wanda ya mai da caca sana'arsa sosai, shi kam ana lissafa shi cikin masu kasuwanci. Har ma a 2006 an kai wasu 'yan'uwa biyu gaban kotun haraji, waɗanda suka sami miliyoyi wajen cacar wasanni, alkali ya ce ba haraji a kansu. Amma kada a ce gwamnati ta yi kyauta. Tun 1985 sha'anin caca yana hannun larduna, ribar gidajen kuwa kaso mai tsoka baitulmalinsu yake shiga. Sun riga sun ɗebi nasu tun daga tushe.

Da mutumin Kanada ya haye gadar nan, tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba, sai hukunci ya sāke. Amurka tana ɗaukar cin caca a kan samu ne kamar albashi. Baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, in ya yi babban ci a injin caca, kafin kuɗi su taɓa hannunsa gidan zai zare kashi 30 cikin 100 ya aika wa ofishin haraji, ya ba shi wata takardar shaida mai lamba 1042-S. A 1977 aka yanka cewa cin da ya kai dala 1,200 a inji sai an rubuta shi, haddin nan kuwa ya yi shekara fiye da arba'in bai motsa ba. Abin mamaki, akwai wasannin tebur da dokar ta keɓe, ba a zarar kome a cikinsu, kamar kartar ashirin da ɗaya da faifan nan mai juyawa da ake jefa wa ƙwallo. Wani abin mamakin kuma, mutumin Ingila ko Faransa da ya taso daga ƙetaren teku, yarjejeniyar ƙasarsa da Amurka ta kuɓutar da shi daga wannan haraji ɗungum, amma maƙwabci na kusa bai sami haka ba.

Abin da ya samu shi ne rangwame. Ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniyar haraji a 1980, suka yi mata gyara a 1995, aka yarda mutumin Kanada ya cire abin da aka cinye shi a Amurka daga abin da ya ci a shekarar. Ga misali, don akawuna su bi da alkalami. Mutum ya ci dala 5,000, aka zare 1,500, aka miƙa masa 3,500. Amma cikin shekarar an cinye shi 4,000. Bisa lissafin da aka saba kafin 2026, ribarsa ta gaskiya 1,000 ce, harajinta 300, saboda haka yana bin gwamnatin Amurka 1,200. Wata doka da aka sa wa hannu a 2025 ta ce daga 2026 kashi 90 cikin 100 na hasarar kaɗai za a lissafa, watau abin da zai komo ya ɗan ragu.

Kuɗin nan fa ba su biyo mutum gida da kansu. Sai ya nemi lambar mai biyan haraji ta Amurka da takarda W-7, ya cika takardar harajin baƙi 1040-NR, ya kuma riƙe shaidar hasararsa, rana kaza wuri kaza kuɗi kaza. In ya bari shekara uku ta wuce, shi ke nan, sun zama na gwamnati. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya a mota ya ce mini ya san waɗanda suka jefa takardar shaidar a kwandon shara tun kafin su bar garin, don suna tsammani abin da gwamnati ta karɓa ba ya fitowa. Har akwai kamfanoni da ba su da aiki sai karɓo wa mutane kuɗin nan, su yanki ladansu a ciki.

Sai maganar kwastan, nan ne kuwa na ga rikicewar ta fi yawa. Na tsaya a layi a bakin gada wajen komowa Kanada, ina jin tambayoyin da ma'aikaci ke yi wa kowa: ina ka fito, kwana nawa ka yi, me ka sayo, kana ɗauke da kuɗin da suka kai dala 10,000? Tambayar ƙarshen nan ba ta haraji ba ce ko kaɗan. Doka ce da aka yi a shekarar 2000 don toshe hanyar masu safarar kuɗin haram, aka fara aiki da wannan sashe nata a 2003. Duk wanda zai shiga Kanada ko zai fita da abin da ya kai dalar Kanada 10,000, tsabar kuɗi ne ko cek, na kowace ƙasa, lalle ne ya faɗa, ya cika takarda E677. In ya faɗa, ba a karɓar ko kwabo, ya wuce da abinsa. In ya ɓoye aka gano, sai a kama kuɗin, ba ya samunsu sai ya biya tara, in kuwa aka yi zaton na laifi ne ana iya riƙe su duka. Dubi wannan hali, jama'a! Mutum ya ji tsoron harajin da babu shi, ya cusa kuɗi cikin safa, ya jawo wa kansa tarar da ke akwai.

Amurka ma tana da irin tata dokar ga mai fita da fiye da dalarta 10,000, kuma iyalin da suke tafiya tare gama kuɗinsu ake yi a lissafa. Watau mai babban ci sau biyu zai yi bayani, a bakin gada na can da na nan. Dalolin biyu kuwa ba darajarsu ɗaya ba, ta Amurka ta fi, don haka abin da bai kai haddi a can ba yana iya wuce shi a nan. Takardar 1042-S ɗin nan da wasu ke yarwa, ita ce kuma shaidar da za ta gamsar da ma'aikaci inda kuɗin suka fito.

Inda kwastan ke karɓar kuɗi da gaske shi ne kan kaya. Wanda murna ta ɗebe shi ya sayo agogo ko zobe, an yafe masa kayan dala 200 in ya yi sa'a 24, dala 800 in ya yi sa'a 48, tun gyaran da aka yi a 2012. Wanda ya je ya komo a yini ɗaya ba a yafe masa kome. Haka kuma in ya ajiye kuɗin a banki suka haifi riba, ribar nan sai ya biya mata haraji, ko da yake uwar kuɗin ba a taɓa ta.

Mutumin Amurka kuwa da ya hayo Kanada ya ci, ba a zare masa kome a nan, amma ƙasarsa tana bin ɗanta da haraji duk inda ya samo kuɗi a duniya, sai ya rubuta su in ya koma gida. Na ga motocinsu jere a kan gada suna jiran a duba su, na Kanada kuma jere a ɗaya hannun, ruwa na ta zuba a gefe.

Wasalam.

Naka,
Wani mai karanta jarida, daga Toronto.