Ƙugin da ya kusa cinye mini muryar Kaka

Yau wani abu da ya same ni na kawo muku, don na san masu naɗar wa'azi, ƴan rediyon karkara da samarinmu masu waƙa suna fama da irinsa.

Kakata, wadda ta haifi babana, tana cikin ƴan kaɗan da suka rage waɗanda suka ga ambaliyar 1945 da idonsu, lokacin da Gulbi ya ci tsohon garin Maradi na cikin kwari har aka tayar da mutane zuwa kan tudu. Tana yarinya a lokacin. Shekara da shekaru ina cewa zan naɗi labarin nan daga bakinta, ina ta jan ƙafa, sai da ta yi wata doguwar jinya bara sannan hankalina ya tashi. Tana samun sauƙi na sayi ɗan mikoro na jikka biyar, na ɗauki kwamfutata na tafi gida.

Ranar ta yi magana kamar ba ita ta tashi daga ciwo ba. Sama da awa guda. Yadda uwarta ta goya ƙanwarta ta riƙo ta a hannu, rumbun da ya narke suna kallo, sunayen maƙwabtan da aka raba su da su wajen sabon zama. Ni kuma ina zaune ina kallon layukan murya suna hawa da sauka a kan allo, ina jin daɗi. Ban sa komai a kunne na saurara ba. Nan kuskurena yake.

Da dare na kunna. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Muryarta na nan, amma ƙarƙashinta akwai wani ƙugi "hummm" kamar injin niƙa na aiki a bayan ɗaki, daga farko har ƙarshe. A samansa akwai "shiii" kamar ana soya. Can kuma jefi-jefi sai ka ji "dit-dit-dit-dirrr" ya rufe kalma biyu ko uku.

Washegari na kai wa wani abokina mai kula da na'urori a wani gidan rediyo. Ni na riga na yanke hukunci cewa mikoron ne na banza. Shi kuwa bai ce komai ba. Ya jona komai yadda na jona, ya sa mini abin saurare a kunne, ya ce in yi shiru. Ƙugin ya dawo. Sai ya miƙa hannu ya zare wayar cajin kwamfutar. Tsit!

Ya ce, "To ka ji ɓarawonka. Mi ya hana ka yi da batir?"

Bayaninsa shi ne wutar da ke zuwa gidajenmu tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma wannan motsin ne kunne ke ji a matsayin ƙugi idan ya samu hanyar shiga wayar mikoro, wani lokaci har da ƴaƴansa na 100 da 150. Abin caji mai arha ba ya tace wutar da kyau, ga shi yawancin ɗakunanmu ba a haɗa musu wayar ƙasa ba. Ni kuma na ƙara da nawa, na jona a wuri ɗaya da firigon Kaka, wayar mikoron tana kwance kan wayar wuta. Idan da gurup ake aiki, in ji shi, abin yakan fi haka muni.

Shi kuwa "shiii" ɗin laifina ne zalla. Don kar in takura mata, na ajiye mikoron nesa, kan teburi, na ƙure ƙarfin ɗauka. Duk na'ura tana da ɗan sautin kanta, idan ka ƙure ta shi ma sai ya taso. Maganin shi ne a matso da mikoro kamar taƙi ɗaya daga baki, a rage ƙarfin. "Dit-dit" kuma wayar salulata ce da na ajiye gefe tana neman rezo. Ya ƙara da cewa in duba ko da yaushe wane mikoro kwamfuta ta zaɓa, don sau da yawa mutum ya jona na waje amma na cikinta ke ɗauka, da ƙarar fankarta da komai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai canza abu biyu lokaci guda ba. Ya cire ɗaya, ya naɗi daƙiƙa goma, ya saurara, sannan ya taɓa na gaba.

Sauran gyaran wanda na riga na ɓata. Da Audacity muka yi, wadda kyauta ce. Sai ka nuna mata wani wuri da babu magana, ƙarar ce kaɗai, ta gane ta, sannan ta bi duk naɗin tana rage ta. Matsalar ita ce Kaka ba ta bar fili ba. Muka yi ta nema, sai muka samu daƙiƙa huɗu ko biyar inda ta ambaci sunan ƙanwar nan tata, wadda ta rasu tuntuni, ta yi shiru. Da wannan shirun muka yi aiki. Da na matsa gyaran da yawa ƙugin ya tafi, amma muryar ta koma kamar mai magana daga cikin randa, har ban gane ta ba. Dole muka sassauta, muka bar ɗan ƙugin. Inda "dit-dit" ya hau kan kalma kuwa babu abin da ya dawo da ita. Na asalin na ajiye shi daban, ban taɓa shi ba.

Bayan sati biyu na koma da shiri: batir cike, salula a kashe, fanka a kashe duk da zafin, labule a sake, abin saurare a kunnena. Ta dube ni ta ce, "Kai maigida, ka maida ni rediyo ne? Ba na riga na hwaɗa maka ba?"

Ta daure ta yi mini minti ashirin. Sauti tas, har numfashinta kana ji. Amma a gurguje ta bi, ba ta kawo sunayen maƙwabtan ba, ƙanwarta ma ba ta ambace ta ba.

Na tura duka biyun a zauren WhatsApp na dangi. Baffana da ke Yamai ya kira ni bayan isha'i, ya ce in sake turo masa na farkon, mai ƙugin, don akwai sunan wani gida da ya ji a ciki yana so ya tambaye ta a kai.