Yawan "Idan" a Rubutun Manhaja

A daminar bara wani yayana mai sayar da takin zamani a Kazaure ya roƙe ni in rubuta masa 'yar manhaja da za ta riƙa lissafa kuɗin kai kaya garuruwan abokan cinikinsa. Dare ɗaya na jera sharuɗɗa: idan Roni ce kuɗi kaza, in ba haka ba idan Gwiwa ce kaza, idan Babura ce kaza. Da ya ce a yi rangwame ga mai sayen buhu ashirin, na cusa wani "idan" cikin kowane reshe. Maganar bashi ta zo, na ƙara wani.

Kuɗin mota ya tashi, na bi rassan ina gyarawa, ashe na tsallake ɗaya. Mako uku 'yan sarin Babura suna biyan tsohon farashi, shi kuwa yana cike giɓin daga aljihunsa bai sani ba. Ranar da ya gano bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ƙanena, littafina dai bai taɓa yi mini haka ba."

Na buɗe littafin. Kowane layi sunan gari ne da kuɗinsa. Shi na kwaikwaya: na zuba garuruwan a jadawali ɗaya, manhajar ta duba suna ta ɗauko kuɗi, rangwame kuma a lissafa shi sau ɗaya a ƙarshe. Ƙara 'Yankwashi ya zama layi guda.

Ban ce sharaɗi haramun ne ba. Manhajar da ba ta zaɓi ba ta da amfani. Amma kowane "idan" mai zaman kansa yana ninka hanyoyin da aiki zai iya bi, har guda goma su haifi 1,024. Wa zai gwada su duka? Tun 1968 Edsger Dijkstra ya yi kashedi kan umarnin goto mai sa manhaja tsalle-tsalle, amma a 2014 layin goto ɗaya da aka maimaita bisa kuskure ya sa wayoyin iPhone suna tsallake wani matakin tantance tsaro, sai da Apple ya fitar da gyara.

Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Hussaini Adamu da na Cibiyar Fasahar Sadarwa da ke Kazaure kan kawo mini aikinsu in duba. Kafin in kunna, rassan nake fara ƙirgawa, in tambayi mai shi wanne zai iya cirewa. Yayana kuwa har yau littafin nan yana gefen kwamfutarsa, kuma ban ce masa ya ɗauke ba.